Yadda Za Ka Gane Lagavulin Mai Shekara 16, Daga Takardar Kwalba Zuwa Hanci

Na rubuta wannan bayani ne domin 'yan uwanmu masu jin Hausa da ke zuwa Sikotlan karatu ko neman na kai, sai su tsinci kansu suna aiki a otal ko gidan abinci, baƙo ya nuna kwalba ya ce, "Wannan fa yaya take?" su rasa ta cewa. Na daɗe ina wannan aiki a wani otal a Gilasgo, kuma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne in ji sabon ma'aikaci ya haddace kalmomin 'yan talla yana zuba wa baƙo, alhali bai san inda ƙamshin ya samo asali ba. Kowane ƙamshi da ke cikin tambulan ɗin nan yana da mafari a wani mataki na aikin. Idan ka san matakan, ba ka bukatar hadda.

Na san mafi yawan masu karanta Hausa Musulmi ne, kuma addininsu ya haramta giya, shanta da sayar da ita duka. Ni Kirista ne, a cocinmu ma akwai waɗanda ba sa ko kusantarta. Ba na kiran kowa ya sha. Wanda imaninsa bai yarda masa da wannan aiki ba, ya nemi a mayar da shi wani sashe, kuma ina ganin girmansa a kan haka. Abin da zan nuna a nan yawancinsa da hanci ake yi. Ƙwararrun da ke haɗa wiski a manyan kamfanoni ma, kusan duk aikinsu sunsunawa ne, domin mai duba ganguna da yawa a wuni ɗaya ba zai iya kurɓar kowacce ba.

Na zaɓi wiskin Sikotlan da ake kira Lagavulin, mai shekara 16, saboda ba ta ɓoye komai. Hayaƙinta, nauyinta da zaƙinta duk a fili suke, mai koyo zai iya bin sawun kowanne.

Fara da takardar jikin kwalba

Za ka ga an rubuta Islay Single Malt Scotch Whisky. Waɗannan kalmomi ba ado ba ne, doka ce ta shekarar 2009 ta tanadi abin da kowacce ke nufi. Kafin a kira wiski "single malt", dole a yi ta da ruwa da tsiron sha'ir kaɗai, ba masara, ba alkama, a matata guda ɗaya, wato gidan dafa wiski, a cikin tukwanen da ake cikawa a dafa a juye, ba injin da ke zuba dare da rana ba. Dole ta kwana aƙalla shekara 3 a gangar itacen oak wadda ba ta wuce lita 700 ba, a cikin ƙasar Sikotlan, kuma ƙarfin barasarta kada ya gaza kashi 40 cikin ɗari. Ita wannan kashi 43 ce.

Wurin da mutane suka fi ruɗewa biyu ne. Na farko, "single" matatar yake nufi, ba ganga ba. A cikin kwalba ɗaya akwai ruwan ganguna masu yawa da aka gauraya domin ɗanɗanon bana ya zo daidai da na bara. Na biyu, lamba 16 shekarun mafi ƙanƙanta ce a cikin abin da aka gauraya. Ana iya samun wadda ta fi haka tsufa a ciki, amma ba za a sami wadda ta gaza ba. Kuma a ganga ake lissafin shekarun. Da zarar an ɗura ta a kwalba ta daina girma, ko da ta shekara 30 a kan kanta.

Sai launi. Baƙi da yawa suna ɗaga tambulan su ga ja mai duhu su ce wannan ta tsufa da kyau. Kada ka biye musu. Dokar ta yarda a ƙara abu biyu bayan an fitar da wiski daga ganga: ruwa, da ƙonannen sukari mai ba da launi da ake wa lamba E150a. Lagavulin 16 tana cikin waɗanda ake sa wa shi, kuma kwalaben da ake sayarwa a Jamus suna ɗauke da sanarwar haka saboda dokar can ta tilasta. Ni dai na fi son a bar kowace wiski da launinta na asali, amma ko ba a bari ba, kai ka sani cewa ido ba shaida ba ne a nan.

Tsibirin da matatar

Islay tsibiri ne a yammacin Sikotlan, Aila ake furta shi, mutanensa dubu uku da 'yan kai. Jirgin ruwa daga tashar Kennacraig da ke babban yankin ƙasar yana ɗaukar wajen awa biyu zuwa garin Port Ellen. Daga nan akwai hanyar ƙafa da ke bin gaɓar teku ta kudu, ta ratsa matatu uku a jere: Laphroaig, sai Lagavulin, sai Ardbeg. Idan ka sami hutu ka je ka taka ta da ƙafarka. Lagavulin tana cikin wani ɗan lungun teku, gininta fari fat, an rubuta sunan da manyan baƙaƙen haruffa a bangon da ke kallon ruwa, kuma a bakin lungun akwai kangon fadar Dunyvaig, wadda a da sansani ce ta sarakunan tsibiran.

An yi ta dafa wiski a ɓoye a wannan lungu tun kafin hukuma ta sa hannu. A 1816 John Johnston ya kafa matata mai lasisi, shekara ɗaya bayan maƙwabtanta biyu, Laphroaig da Ardbeg, waɗanda suke ƙirga tarihinsu daga 1815. Wanda ya fi fito da sunanta shi ne Peter Mackie, mai wiskin gauraye da ake kira White Horse, wadda Lagavulin ce ƙashin bayanta. Yau kamfanin Diageo ne ke da ita. Ita mai shekara 16 ɗin ta yi suna ne daga 1988, lokacin da aka fitar da ita cikin jerin wiski shida da aka kira Classic Malts.

Akwai labarin Mackie guda ɗaya da nake so ka riƙe, domin zai yi maka amfani nan gaba. Shi ne dillalin Laphroaig, sai suka ɓata, masu Laphroaig suka karɓe dillancin. Abin ya kai har ya tare musu hanyar ruwa, kotu ta sa ya buɗe. A 1908 ya gina wata ƙaramar matata a cikin harabar Lagavulin, ya sa mata suna Malt Mill, ya kwaikwayi tukwanen Laphroaig, ya ɗauko ma'aikacinsu, da nufin ya yi irin wiskinsu sak ya kashe musu kasuwa. Bai samu ba. Tsakanin matatun biyu tafiyar 'yan mintuna ce, amma abin da ya fito daban ne. Malt Mill ta ci gaba da aiki har farkon shekarun 1960 kafin a rufe ta.

Daga ina hayaƙin yake

Ana jiƙa sha'ir kwana biyu zuwa uku, a bar shi ya yi tsiro wajen kwana biyar, domin garin da ke cikin ƙwayar ya shirya komawa sukari. Sai a busar da shi don tsiron ya tsaya. A nan ne Islay ta bambanta da yawancin wurare. Tsibirin ba shi da itatuwa sosai, abin da yake da shi shi ne wata baƙar ƙasa ta fadama mai cin wuta, wadda Turawa ke kira fit, ni kuwa gawayin fadama nake ce mata. Ciyayi ne da gansakuka da suka shekara dubbai suna danne a cikin ruwa ba su gama ruɓewa ba. Idan an yanko shi ɗanye, baƙi ne, mai sulɓi da nauyi. Idan ya bushe sai ya koma ruwan ƙasa, ya yi sakayau a hannu, in ka ɓare shi kana ganin zaren saiwoyi a ciki. Ba ya ba da harshen wuta sosai, hayaƙi yake turniƙewa da shi, fari mai kauri.

Wannan hayaƙi ake turawa ta ƙarƙashin tsiron tun yana da danshi, domin idan ya bushe ba ya kama shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu bandar kifi ya san yadda hayaƙi ke shiga ɗanyen abu ya zauna, ko an wanke ba ya fita. Haka yake a nan. Sinadaran da ke manne wa ƙwayar ana kiransu finol, kuma su ne ke ba da ƙamshin ƙauri, na kwalta, da na aidin irin na ɗakin shan magani.

Lagavulin ta daina yin tsironta da kanta a 1974. Yanzu daga babbar masana'antar tsiro ta Port Ellen take saye, kuma ana turara nata har finol ya kai wajen kashi 35 cikin miliyan. Ardbeg ta fi haka, tana haura 50. To amma ka lura, a jikin sha'ir ake auna wannan lamba, ba a cikin kwalba ba. Da yawansa yana salwanta a wajen dafuwa, wani kuma yana lafawa a ganga. Saboda haka idan baƙo ya ce a ba shi wadda lambarta ta fi yawa domin ita ce mafi hayaƙi, ka gaya masa ba kullum haka take ba.

Tukwane

Ana niƙa tsiron, a zuba masa ruwan zafi ya tsotso sukarin, a tace, a zuba yis, a bar shi ya tsima fiye da kwana biyu a manyan kwatarniyoyin katako. Abin da ke fitowa giya ce mara ƙarfi, wajen kashi 8. Ita ake dafawa sau biyu a tukwanen jan ƙarfe, tururin ya hau wuyan tukunya, a sanyaya shi ya koma ruwa. Dafuwar farko tana kai ta kashi ashirin da 'yan kai, ta biyu ta kai ta kusan 70.

Abin da ya kamata ka fahimta shi ne jan ƙarfe yana wanke tururi. Iya yadda tururi ya goga jikinsa, iya yadda wiskin za ta fito da sauƙi da tsabta. Lagavulin tana da tukwane huɗu, biyu na dafuwar farko, biyu na ta biyu, masu faɗin ciki. Ana cika su sosai, don haka filin da tururi zai goga kaɗan ne, sai ruwan ya fito da nauyi da maiƙo. Dafuwa ta biyu kuma a hankali ake yinta, kusan awa 10. Mai tukunya ba ya ɗaukar duk abin da ya zubo: na farko yana da kaifi, na ƙarshe yana da wari, tsakiyar ake so. Finol masu nauyi kuwa a makare suke fitowa, don haka wanda ya jinkirta yankewa ya fi kwasar hayaƙi.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce Caol Ila, wata matatar Diageo a arewa maso gabashin tsibirin. Tsironta daga Port Ellen yake, hayaƙinsa kusan ɗaya da na Lagavulin. Amma tukwanenta dogaye ne kuma ba a cika su sosai, sai wiskinta ta fito siririya, mai ƙamshin lemon tsami da ɗanyar ciyawa. Ka zuba su biyun a tambulan biyu ka sunsuna, a nan take za ka gane dalilin da ya sa Mackie ya kasa.

Ganga

Abin da ke fita daga tukunya fari ne kamar ruwa. Ana rage masa ƙarfi zuwa wajen kashi 63.5 a zuba a ganga. Dokar Amurka ta ce wiskinsu da ake kira bourbon sai a sabuwar ganga da aka ƙona cikinta, don haka gangunan da suka gama da su suna tahowa Sikotlan da yawa. Itacen oak na Amurka yana ba da ƙamshin banila da kwakwa da zuma. Gangar da ta taɓa ɗaukar giyar sheri ta Sifen tana ba da na zabibi da busasshen ɓaure da kanumfari. Yawancin gangunan da ake zuba Lagavulin 16 an riga an yi amfani da su a baya, ƙarfin itacen ya ragu, shi ya sa bai danne hayaƙin ba duk da tsawon zaman.

Ganga tana numfashi. Kowace shekara wajen kashi 2 cikin ɗari yana bin iska, wanda a shekara 16 ya haura rubu'in abin da aka zuba. Wannan asara, da kuɗin ajiya na tsawon lokaci, su ne ke sa tsohuwar wiski tsada. Abin da shekarun suke yi wa ɗanɗano kuwa shi ne su kwantar da kaifin hayaƙi, su ba zaƙin itace damar fitowa. Idan kana so ka ji bambancin, akwai Lagavulin mai shekara 8 da aka fitar a 2016 don cikar matatar shekara 200. Hayaƙinta ya fi tsalle, launinta ya fi haske. Akwai masu fifita ta a kan mai 16, kuma ban ga laifinsu ba.

Wani abu da 'yan talla ke so a faɗa shi ne iskar teku ce ke ratsa ganguna ta ba wiskin gishiri. Ni ba na faɗa wa baƙo haka, domin da yawa daga ruwan Lagavulin a tanka ake kwashe shi zuwa rumbunan da ke babban yankin ƙasar, can yake tsufa. Ɗanɗanon gishirin yana nan, amma na fi jingina shi ga gawayin fadama da aikin tukunya.

Yanzu sai tambulan

Nemi tambulan mai faɗin ciki da tsukakken baki, irin wanda ake kira Glencairn. Mai faɗin baki yana watsar da ƙamshi. Ka tabbata ba warin sabulu a jikinsa, kai ma kada ka shafa turare a hannu, kada kuma ka zo daga cin yaji ko shan kofi. Zuba mililita 25, ka ajiye shi minti biyar ko fiye. Kada ka yi gaggawa a nan. Wiskin da aka zuba yanzu-yanzu barasa ce ke fara tashi, ita kaɗai za ka ji.

Karkata tambulan ka juya shi a hankali, ka dubi yadda ruwan ke gangarowa a jikin gilashi. Na Lagavulin yana saukowa da nawa, layi-layi masu kauri. Sai ka kawo shi ƙarƙashin hanci, ba cikin hanci ba, bakinka a ɗan buɗe, ka shaƙa gajere ka janye. Shaƙar farko hayaƙi ne kawai, kowa haka yake ji. Ka huta, ka sake. A ta biyu ko ta uku hanci ya fara sabawa da hayaƙin, sai abin da ke ƙarƙashinsa ya fito: aidin, ciyawar teku, baƙin shayi mai ƙauri, sannan can ƙasa wani zaƙi irin na busassun 'ya'yan itace da banila. Duk wanda ka kama, ka tambayi kanka daga ina yake. Ƙauri da aidin na gawayin fadama ne, nauyi da maiƙo na tukunya ne, zaƙi da yaji-yaji na ganga ne. Idan hancinka ya gaji, sunsuna bayan hannunka ko hannun rigarka, zai dawo.

Ga wata dabara da ke taimaka wa wanda ba ya sha. Ɗiga ɗigo ɗaya a tafin hannu, ka murza har ya bushe, ka haɗa tafukan ka shaƙa. Barasar ta tafi, abin da ya rage ƙamshin hatsi ne da toka. Haka kuma tambulan da aka shanye aka bari ya kwana, da safe za ka ji itacen gangar a fili.

Sai ruwa. Ɗauki ƙaramin cokali ka zuba ɗigo uku ko huɗu na ruwa mara sanyi. Ka duba da kyau, za ka ga wasu zare-zare suna murɗawa a cikin wiskin kamar mai, na ɗan lokaci kafin su ɓace. Sake sunsunawa, zaƙin ya matso gaba. Ƙwararru kan tsarma tasu har ta sauko wajen kashi 20 idan suna neman aibi, amma ga mai sha, wiski mai kashi 43 ba ta son ruwa da yawa, nan da nan take salancewa. Ƙanƙara kuma tana rufe ƙamshi. In baƙo ya ce yana so, ka ba shi ba tare da gardama ba, kuɗinsa ne, sai dai ka kawo ta a wani kofi dabam ya zuba da hannunsa.

Wanda zai kurɓa, ya ɗauki kaɗan ya riƙe a baki daƙiƙa kaɗan kafin ya haɗiye. Zaƙi ne ke fara zuwa, sai gishiri, sai hayaƙin ya cika baki, daga baya ya bar bauri da ɗumi da ke daɗewa a maƙogwaro. Saboda wannan daɗewa, idan baƙo zai gwada wiski iri-iri, Lagavulin ce ta ƙarshe. In ka fara ba shi ita, duk abin da ya biyo baya hayaƙi zai ji.

Magana da baƙo

Kada ka fara da bayani, fara da tambaya: "Ranka ya daɗe, ka taɓa shan mai hayaƙi?" In ya ce a'a, ka miƙa masa tambulan ya sunsuna kafin ka zuba cikakken awo. Fuskarsa za ta gaya maka. Wanda ya ja baya ya yamutsa fuska, ka kai shi ga wata mai sauƙi daga yankin Speyside, kamar Glenfiddich ko Glenlivet, kada ka tilasta masa abu don yana da tsada. Wanda ya sake kai hanci kuwa, jimla uku sun isa: daga tsibirin Islay take, hayaƙin na gawayin fadama ne da aka busar da sha'ir da shi, shekara 16 a ganga ne suka kwantar da shi. In ya nemi ƙari sai ka ba shi labarin Mackie. In yana son abin ci, cuku mai shuɗin jijiya ko kifi mai hayaƙi suna tafiya da ita.

Akwai kuma abin da doka ta ɗora maka, kuma ina so ka ɗauke shi da muhimmanci fiye da duk abin da na faɗa. A Sikotlan sai ka yi horo na awa biyu kafin ka fara sayar da barasa. Ba a sayar wa wanda bai kai 18 ba, kuma duk wanda ka ga kamar bai kai 25 ba sai ka nemi shaidar shekarunsa. Ba a ƙara wa wanda ya riga ya bugu. Awo 25 ne ko 35 na mililita, ba zubin ido ba. Hukumomin lafiya na Birtaniya sun ba da shawarar kada mutum ya wuce ma'auni 14 na barasa a mako, kuma awo ɗaya na mililita 25 daga wannan kwalba ya ɗan haura ma'auni ɗaya. Tun Disamba 2014 iyakar barasa ga mai tuƙi a Sikotlan ta koma miligiram 50 a cikin mililita 100 na jini, ƙasa da 80 na Ingila, abin da baƙi da yawa da suka tuƙo daga kudu ba su sani ba. In ka ga makullin mota a kan tebur, ka faɗa masa.

Kwalbar kuma a tsaye ake ajiye ta, ba a kwance ba, domin ƙarfin barasar yana cinye toshiyar bakinta. Ka nisanta ta da hasken rana da fitilun kanta masu zafi. Idan ta yi ƙasa da rubu'i kuma ta daɗe a buɗe, iska ta fara kwashe hayaƙin, sai ka sunsuna ta kusa da sabuwa kafin ka zuba wa wanda bai taɓa ɗanɗana Lagavulin ba.